Girka Sabuwar Tukunyar Narka Dalma a Maƙerun Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa

1.0 Gabatarwa

Galibin takardun da akan gabatar a kan sana'o'in Hausawa na gargajiya sukan tsaya ne a kan asalin sana'a da sarautunta da kayan aikinta da kuma camfe-camfen da ke tattare da ita. Wannan takarda za ta ɗan kauce wa wannan turba. Za ta ɗauki abu guda ɗaya ƙanƙane, watau tukunyar da maƙeri ko maharbi ke narka dalma a ciki domin zubin harsashin bindigar toka, ta bi ta tun daga ranar da aka sayo ta sabuwa har ranar da ta mutu. Ba nufina ba ne in koyar da zubin harsashi. Masu sana'ar ba su bukatar malamin jami'a ya koya musu abin da suka gada, wanda kuwa ba sana'arsa ba ce, doka ba ta ba shi wannan dama ba. Abin da nake so in jawo hankalin mahalarta gare shi shi ne, ranar da aka girka sabuwar tukunya, ranar ce ake yanke shawarar ko wane ne zai sha gubar da ke cikinta. Sau da yawa kuwa ba mai zubin ba ne ke fara shan ta, ɗansa ne mai rarrafe a tsakar gida.

Kalmar dalma, wadda wasu ke kira darma, tana da ruɗarwa a bakin Bahaushe. A wajen maƙeri, dalma ita ce ƙarfen nan mai nauyi da taushi, mai launin toka, wanda farce ma kan iya yi wa zane. A wajen uwargida kuwa, "tukunyar dalma" ita ce farar tukunyar nan ta alminiyam da ake zubawa a kasuwanni, wadda ake tuwon suna da biki a ciki. Ƙarafa ne biyu daban. A cikin wannan takarda, duk inda aka ce dalma, ta maƙeri ake nufi. Amma za mu gani nan gaba cewa wannan haɗuwar suna ba ta tsaya a fatar baki kaɗai ba.

2.0 Ƙasar da Halin da Take Ciki

Ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna kudu maso yammacin Jihar Katsina ne. Ƙanƙara da Faskari sun yi iyaka da ƙasar Tsafe ta Jihar Zamfara, Sabuwa kuwa da Birnin Gwari ta Jihar Kaduna. Babbar hanyar da ta tashi daga Funtuwa zuwa Gusau ta ratsa ta Sheme da 'Yankara a ƙasar Faskari. Ƙasa ce ta noman masara da dawa da auduga, mai samun ruwan sama fiye da arewacin jihar, kuma dazuzzuka sun kewaye ta ta yamma da kudu. Inda daji yake kuwa, nan maharbi yake. Inda maharbi da manomi suke, nan maƙeri ke kafa uwar maƙerarsa. Saboda haka farauta da ƙira tsofaffin maƙwabta ne a wannan yanki, kowace da shugabanninta, Sarkin Baka da Sarkin Maƙera.

Ba sai an tsawaita bayani a kan abin da ya sami yankin ba. A daren 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, aka sako su bayan kwana 6. A 2021, gwamnan wancan lokaci, Aminu Bello Masari, ya fito fili ya shawarci jama'a su tashi su kare kansu. A watan Oktoba na 2023 kuma Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha. A tsakanin waɗannan shekaru, bindigar da a da ba a saukowa da ita daga rataya sai lokacin farautar rani, ta zama abin kwana da shi a gefen gado. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, in bukatar harsashi ta ƙaru, narkin dalma kan fita daga hannun 'yan gado ya faɗa hannun 'yan haye, ya kuma bar fili ya koma cikin gida, inda ido ba ya gani.

Wajibi ne kuma a ambaci doka. Dokar Makamai ta Nijeriya ta 1959 ta ware bindigogin da ake ɗura wa albarushi ta baki a wani rukuni nasu daban, ta ɗora al'amarin lasisinsu a hannun 'yan sanda, ta kuma hana ƙera bindiga ko harsashi ba tare da izinin hukuma ba. Duk abin da za a faɗa a ƙasa, ana maganar mai sana'ar da ke aikinsa bisa izini ne.

3.0 Dalma da Bindiga a Ƙasar Hausa

Bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga a fada. A ƙarni na 19, Sarkin Damagaram Tanimu ya shahara da tara bindigogi, har ana haɗa albarushi da zuba igwa a Zinder. Bayan yarjejeniyar da Turawa suka ƙulla a birnin Burusal na Beljiyam a 1890, wadda ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, sai tsohuwar bindigar nan mai ƙyastu ta zama rabon talaka, maƙera kuma suka ƙware wajen gyaranta da kwaikwayonta. Ita ce kakar bindigar toka ta yau, wadda masu ba'a ke kira harba-ka-ruga.

Dalilin da ya sa dalma ta zama ƙarfen harsashi a duniya duka guda biyu ne. Na farko nauyi: gwangwani mai cin lita 1 in an cika shi da dalma zai kai kilo 11 da 'yan kai, alhali baƙin ƙarfe bai cika kilo 8 ba. Na biyu sauƙin narkewa: dalma kan narke a digiri 327 na ma'aunin santigired, alminiyam sai 660, baƙin ƙarfe kuwa sai ya haye 1,500. Ke nan wutar da za ta dafa wake ta isa ta narka dalma. Wannan sauƙi shi ne alherinta, shi ne kuma sharrinta, domin shi ya sa ake ganin ba aikin da ke bukatar shiri ba ne.

A Amurka akwai dubban mutane da suka ɗauki zubin harsashi abin sha'awa, kamar yadda wani kan ɗauki kiwon tantabara. Kamfanoni irin su Lee da Lyman da RCBS suna sayar musu da tukwane masu aiki da lantarki, da makunnin daidaita zafi, da takardar gargaɗi a cikin kwali. Maharbin Faskari ba sha'awa ta kai shi ba, tukunyarsa kuma ba ta zo da takarda ba. Gawayi ne da zugazugi da ido. Amma dalmar ɗaya ce, jikin ɗan Adam ma ɗaya ne.

4.0 Tukunyar Kanta

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Abu na farko da za a duba shi ne irin tukunyar. Ta ƙasa ba ta dace ba, domin takan tsage ba sallama, narkakkiyar dalma kuwa in ta sami kafa gudu take kamar ruwa. Gwangwani ba shi da kauri, bakin haɗinsa kan buɗe. Kwano mai fenti ko mai farin shafe yakan ƙara nasa hayaƙin a kan na dalma. Tukunyar alminiyam ita ce ta fi yaudara. Mutum zai ce ai ba ta narkewa sai a 660, dalma kuwa 327, saboda haka akwai rata. Amma alminiyam kan yi laushi tun da sauran nisa kafin ya narke, ga nauyin dalma yana danna shi, sai a wayi gari gindin ya zube a cikin wuta, ko a kan ƙafar mai aiki. Abin da ya rage shi ne baƙin ƙarfe mai kauri, mai faɗin gindi, marar tsaga.

Nauyin nan ya kamata a sake tunawa da shi wajen girki. 'Yar tukunyar da ba ta wuce cin lita 2 ba, in ta cika, ta haura kilo 22, watau kusan rabin buhun siminti, amma a narke. Duwatsun murhu uku da suka saba ɗaukar tukunyar miya ba lalle su riƙe ta ba, musamman in an tura gawayi ɗaya ya gurgusa. Gwada mazaunin da tukunyar a sanyaye ya fi gwada shi da wuta.

Sabuwar tukunya takan zo da maiƙo ko tsatsa ko laima. Akan ƙona ta wayam a fili har ta daina hayaƙi, a bar ta ta huce, a goge. A nan ne ya kamata a yi maganar ruwa, domin shi ne babban abokin gaban narkakkiyar dalma. Ɗigon ruwa in ya faɗa saman narki, yawanci ƙara zai yi ya ƙafe. Amma in ya shiga ƙarƙashin narkin, alal misali a cikin ramin guntun dalmar da aka jefa ko a jikin ludayi mai sanyi, nan take zai zama tururi, ya kumbura fiye da girmansa sau 1,600, ya watso abin da ke cikin tukunyar sama, ya sauka a fuska da ƙirji. Don haka ƙa'ida ita ce a zuba guntayen a tukunya tun tana sanyi su ɗumama tare, a kuma gasa ludayi da duk abin da zai taɓa narkin kafin ya taɓa shi. Da damina, a ƙasa mai ruwa irin Sabuwa, rumfar da ke yoyo ba wurin wannan aiki ba ce.

Sai batun zafi, wanda a ganina shi ne inda gwanintar maƙeri ke juye masa ta zama illa. Maƙerin baƙi da baƙin ƙarfe ya saba. Hannunsa da idonsa sun koyi cewa aiki ba ya farawa sai ƙarfe ya yi ja, wutar gawayi da zugazugi kuwa takan haye digiri 1,000 ba wuya. To, dalma ba ta bukatar ko rabin wannan. Muddin tana kusa da inda ta narke, tururin da take fitarwa kaɗan ne. Da zarar ta doshi digiri 500, sai hayaƙinta ya fara yawaita, kuma kowane ƙarin zafi ninka shi yake yi. Wannan hayaƙi ba shi da wani wari da zai gargaɗi mutum, ƙwayoyinsa kuma sun yi ƙanƙantar da ƙyallen rufe hanci ba ya tare su. Alamomi biyu ne mai aiki da ido zai riƙe: in fuskar narkin ta fara rikiɗa tana yin ruwan zinariya da shuɗi da shunayya, wuta ta yi yawa, in gindin tukunyar ya fara ja, an wuce gona da iri tun tuni. A taƙaice, zugazugi ba kayan aikin dalma ba ne. Wannan kuwa yana da wata fa'ida, domin a maƙerar Bahaushe kowa ya san ko wane ne ke zuga: ɗan maƙerin ne, ko ƙanensa, ko ɗan koyo mai shekara 8 ko 10, fuskarsa dab da bakin wuta.

5.0 Daga Ina Dalmar Take?

A da, dalma da kwalli fatake ke kawo su. Dutsen da ake samun dalma daga gare shi, wanda shi ne kuma baƙin dutsen nan mai ƙyalli da akan niƙa a yi kwalli da shi, ana haƙar sa a wurare irin su Zurak a ƙasar Wase da yankin Abakaliki. Yau kuwa babbar ma'adinar dalma a kowane ƙauye ita ce mataccen batir: na mota, na babur, da kuma na sola da ya cika gidaje da shagunan cajin waya. Fiye da kashi 80 cikin 100 na dalmar da duniya ke amfani da ita a batir take ƙarewa, kuma fiye da rabin nauyin batirin mota dalma ce.

Batir shi ne mafi munin abin da za a ɗora wa sabuwar tukunya. Ruwansa yana cin fata da ido, in an zubar da shi kuma da dalma yake shiga ƙasa. Allunan da ke cikinsa ba zallar ƙarfe ba ne; an shafe su da wani irin ƙulli na dalma wanda in ya bushe yakan zama gari, ya bi iska, kuma wutar murhu ba ta mai da shi ƙarfe, sai dai ta tara shi a sama. Bugu da ƙari, akan gauraya dalmar batir da wasu sinadarai irin su antimoni da asenik, waɗanda in dattinsu ya haɗu da laima yana iya fitar da iska mai guba ƙwarai. Wanda ke ganin wannan tsoratarwa ce kawai, ya tambayi mutanen unguwar Caroy da ke gefen Dakar a ƙasar Sanagal. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 yara 18 suka mutu a can. Sana'ar unguwar ita ce fasa batir, kuma mata kan kwaso ƙasar wurin su kai gida su tankaɗe domin tsintar dalma.

Ko da dalmar mai tsabta ce, narki kan tara wani datti a samansa, wanda za mu iya kiran sa kashin dalma. Akan yaɗe shi da ludayi a watsar gefe. Wannan kashi, ba harsashin da aka zuba ba, shi ne ainihin gubar. Curin dalma in yana ajiye ba ya bin iska. Kashin kuwa gari ne mai laushi, ƙafa ta taka shi, tsintsiya ta tashe shi, kaza ta tone shi, iskar hunturu ta raba shi gida-gida. Dalma kuma ba ta ruɓewa. Abin da aka watsar a gindin katanga bana, yana nan lokacin da jikan mai maƙerar zai fara rarrafe. Saboda haka duk wanda ya sayi tukunya, bai gama saye ba sai ya haɗa da gwangwanin ƙarfe mai murfi, busasshe, wanda za a riƙa tara kashin a ciki.

6.0 Inda Za A Girka Ta

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke zagayen sa ido kan cutar sanƙarau a Jihar Zamfara suka tarar da ƙauyuka inda ƙananan yara ke mutuwa da amai da jijjiga, maganin zazzaɓin cizon sauro kuma bai yi musu komai ba. Kafin nan mutanen sun lura agwaginsu na ƙarewa, ba wanda ya kawo komai a ransa. Bincike ya nuna gubar dalma ce. A Dareta da Abare da Sunke da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum, mutane kan kawo dutsen zinariya mai ɗauke da dalma cikin gida, a daka shi a turmi, a niƙa a injin hatsi, a shanya a tsakar gida. Yara kimanin 400 suka rasu, dubbai suka kamu. A wasu wuraren, dalmar da aka auna a cikin ƙasa ta haye kashi 100,000 cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka ta sa wa ƙasar gidajen zama a lokacin 400 ce, wadda ta rage zuwa 200 a 2024. Magani bai yiwu ba sai da aka kankare fuskar ƙasar gidaje ɗaya bayan ɗaya aka zuba sabuwa. Bagega ba ta sami wannan ba sai a 2013. A 2015 kuma abin ya sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka mutu.

Wani zai ce, ina haɗin buhunan dutsen zinariya da 'yar tukunyar maharbi? Gaskiya ne, yawan ba ɗaya ba ne, kuma ba daidai ba ne a ce kowace maƙera Bagega ce. Amma hanyar ɗaya ce: gari, ƙasar tsakar gida, hannun yaro, baki. Darasin Zamfara ba a kan zinariya yake ba. Darasin shi ne, mutane sun daɗe suna wannan aiki a daji, bala'in bai zo ba sai da aka shigo da shi gida.

A tsarin gidan Bahaushe, maƙera takan kasance a zaure ko a rumfar ƙofar gida. Zaure kuwa shi ne inda ake cin tuwon dare, inda yara ke karatun allo, inda kowace ƙafa ke bi kafin ta shiga cikin gida. Ga baƙin ƙarfe wannan ba laifi. Ga dalma kuwa, babu wurin da ya fi shi muni, in ban da madafa. Wurin tukunyar dalma shi ne fili, nesa da ɗakunan kwana da rijiya da rumbu da turken dabbobi, ta gefen da iska ke kwashe hayaƙi daga gari, mai aikin kuma ya ba iska baya. A shimfiɗa faifan ƙarfe a ƙasa domin abin da ya zube a iya tattara shi. Kada a yi sharar wurin a bushe. Bayan tukunya ta huce sarai, a yayyafa ruwa a kwashe. Rigar aiki da takalmin aiki su kwana can, kada a haɗa su da wankin iyali. Na san halin tsaro ya sa fita bayan gari ba abin wasa ba ne a ƙauyukan Faskari da Sabuwa. Amma ko a cikin gari akwai bambanci tsakanin kangon da ba kowa da zauren da ake goyon jarirai. A nan ne nake ganin Sarakunan Maƙera da na Baka ke da abin yi: wuri ɗaya sananne ga gari duka ya fi tukunya goma a ɓoye a gida goma.

7.0 Abin da Take Yi wa Jiki

Jiki ba shi da wani amfani da dalma, amma yakan ɗauke ta a matsayin sinadarin ƙashi, ya ajiye ta. A cikin jini takan ragu da rabi cikin kimanin wata guda. A cikin ƙashi kuwa sai ta shekara 20 ko fiye. Mace in ta sami ciki, jikinta kan ciro abin gina ƙashin ɗa daga nata ƙashin, dalmar da ta kwanta tun tana yarinya sai ta biyo, ta isa ga ɗan tayi. Yaro ƙarami yakan tsotse dalmar da ya haɗiya ninki 4 zuwa 5 na babba, abin ya fi tsanani in cikinsa wayam ne ko yana da ƙarancin jini. Ga babba, alamominta su ne murɗar ciki da taurin bayan gida da ciwon kai da saurin fushi da hawan jini da ciwon ƙoda da mutuwar wuyan hannu da raunin haihuwa. Ga yaro, in ta yi yawa, amai da suma da jijjiga, waɗanda akan ɗora wa sauro ko iskoki. In ba ta yi yawa ba kuwa, ba a ganin komai, sai dai yaro ya tashi da nauyin fahimta, malam ya yi ta bulala a kan allon da ba ya zama. Wannan ɓarna ta ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira marar illa. A jagoranta na 2021 ta ce in ya kai maikirogiram 5 a kowace desilita, a nemo inda take fitowa a toshe. Magungunan da ke fitar da ita, irin wanda aka ba yaran Zamfara, akan ba yaro ne in ta kai 45, kuma aikin banza ne in za a mai da shi gidan da ya kwaso ta. Gwajin kansa ɗigon jini ne daga yatsa. Akwai wata al'ada da ta yaɗu tsakanin masu walda da masu gyaran batir, ta shan madara bayan aiki wai tana wanke guba. Madara abinci ce mai kyau, amma ba ta wanke dalma. Abin da ke aiki shi ne sabulu da ruwa kafin a kai hannu baki, da barin goro da taba da ƙwalam a wurin narki.

A gurguje, naman farauta ma abin dubawa ne. Harsashin dalma in ya bugi ƙashi yakan farfashe, ya bar ɓarɓashin da ido ba ya gani a kewayen raunin. Mutuwar tsuntsayen da ke haɗiyarsa ita ta sa Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da dalma a 1991, Denmak ta hana ƙananan harsasan dalma a farauta a 1996. Mafi ƙarancin abin da maharbi zai yi shi ne ya yanke naman da ke kewaye da raunin ya binne, kada ya zama rabon yara ko na kare.

8.0 Ranar da Tukunya ta Mutu

Tukunyar da aka narka dalma a ciki ko da sau ɗaya ne, ta bar madafa ke nan har abada, ita da ludayinta. Wanki da toka da yashi ba ya fitar da abin da ya shige ramukan ƙarfen, miya mai tsami kuwa, ta yakuwa ko ta tsamiya, ita ta fi iya jawo shi. Amma gidan Bahaushe ba ya zubar da mazubi. Yau an ari kaskon a soya gyaɗa, gobe an zuba wa kaji ruwa, jibi mai shi ya rasu an sa shi cikin kayan gado, ba wanda ya san tarihinsa. Shi ya sa ya kamata a yi mata shaida tun ranar farko, a datse mata baki da kurfi ko a sare mata kunne ɗaya, yadda duk wanda ya gan ta zai san ba ta girki ba ce.

A nan ne za mu koma kan haɗuwar sunan nan da muka fara da ita. Masu zubin tukwanen alminiyam daga hannun 'yan gwangwan suke sayen kayan narkinsu: tsohon fistin, murfin inji, lagireto, gwangwanin lemo, duk abin da ya yi fari. Wani bincike da aka buga a 2014 a kan irin waɗannan tukwane a ƙasar Kamaru ya nuna suna sakin dalma a cikin abin da aka dafa, wani kuma da ya biyo baya a 2017 ya sami haka a tukwanen ƙasashe 10. Ke nan guntun dalmar da ya fita daga maƙerar Ƙanƙara a cikin buhun ɗan gwangwan, in ba a ware shi ba, yana iya dawowa garin ranar kasuwa a jikin tukunyar da za a sa wa amarya cikin kayan ɗaki. Saboda haka in tukunyar narki ta tsage, a huda gindinta da kurfi, a haɗa ta da gwangwanin kashin dalma da ragowar guntaye a ƙulli ɗaya daban, a miƙa wa dilan da ke tara matattun batura, a kuma gaya masa ko mene ne a ciki.